Ladanin da Na Saka a Kwamfutocin Mutane

Duk wanda ya leƙo shagona a Kawo ya gan ni zaune ƙarƙashin fanka, ina jiran wani koren layi ya cika a fuskar kwamfuta, sai ya ɗauka na samu sana'ar hutu. Ku ma matasan da ke zuwa neman koyo haka kuke gani. Abu uku kuka sani: a goge komai, a zuba sabo, a miƙa wa mai ita. Kuna ce masa fomat, kuma a wurinku fomat maganin kowace cuta ne, har wadda ba ku san sunanta ba. Ni kuwa shekara ashirin da 'yan kai ina cikin aikin nan, kuma abin da ya fi ba ni wahala a cikinsa ko sukudireba ban ɗauka a kansa ba. Zan ba ku labarinsa, amma sai kun fara jin inda na fito.

Sunana Sabi'u, sai dai in ban da mahaifiyata babu mai kirana haka. Kowa Injiniya yake cewa, alhali ban taɓa shiga jami'a ba sai in an kira ni gyara. Na koyi aiki a Kurmin Mashi wurin Alhaji Tijjani, tsohon mai gyaran tafireta da zamani ya tura shi kan kwamfuta yana gunaguni. Wata ukun farko bai bar ni na kwance ko ƙusa ɗaya ba. Aikina in kunna na'ura, in kara kunne a jikinta, in gaya masa abin da na ji. In fanka ce ke gurnani in faɗa, in ma'ajiyar bayanai ce ke ƙas-ƙas in faɗa, in kuma ban ji komai ba sai ya ce in koma in sake ji. A lokacin ina ganin wulaƙanci ne kawai. Yau kafin mutum ya gama ajiye laftof ɗinsa a kan teburina na riga na san rabin matsalarta.

Dokokinsa biyu ne. Ta farko, kowace na'ura ta shigo sai an rubuta ta a littafi: sunan mai ita, unguwarsa, abin da ya ce tana yi, da abin da hannunka ya taɓa a cikinta. Ta biyu, kada ka zuba wa na'urar mutum abin da bai ce ka zuba ba. Da na buɗe nawa shagon na riƙe ta farko da kyau. Ta biyun ce na ga tsufa ne ya sa shi faɗa.

Kayan aikina har yau ba su cika jakar hannu ba. Ƙananan sukudirebobi, buroshin haƙori da ya yi ritaya daga aikinsa na farko, abin hura iska, mitar gwada wuta, ƙarfen dalma, sai filashi biyu na kwafar bayanai da nake ɗaurewa da zare don kada su bi aljihun wani. Sauran aikin duk haƙuri ne da mutane, domin kwastoma ba ya faɗin gaskiya a karon farko. Kowace kwamfuta haka kawai take mutuwa, babu wanda ya taɓa ta. Wani bawan Allah ya taɓa zuwa mini daga Rigasa da laftof naɗe cikin tawul, yana ta rantsuwa ruwa bai taɓa ta ba. Na ɗaga maɓallan sai ga kunun gyaɗa ya bushe a ƙasa, har da ƙwayar shinkafa. Na nuna masa, bai ko ji kunya ba, ya ce shi dai ba ya shan kunu, sai dai a tambayi iyalinsa. Kwana biyu na yi da buroshi da sipirit, kuma ta tashi.

Yawancin kwastomomina ma'aikatan gwamnati ne da iyalansu, sai malaman Islamiyya da suka fara buga takardun jarrabawa da kansu. Mutane ne masu son a mutunta su, kuma kun san halinmu a ciniki. Mai tumatir in ya auna maka sai ya ɗora biyu a kai, in bai ɗora ba ka tafi kana cewa ba shi da kirki. Mu ma a layinmu na masu gyara haka ake yi. In an gama aiki, wani ya zuba wa mutum waƙoƙi, wani fina-finai, wani wasan kati. Ni da nake ganin na fi su hankali sai na zaɓi abin da zai amfane ni har lahira. Na samu wata manhaja a faifai wurin masu sayar da faya-fayai a kasuwa, wadda in lokacin salla ya yi sai kwamfuta ta rangaɗa kiran salla da kanta. Muryar ladanin kuwa, in kun ji ta sai tsikar jikinku ta tashi. Na kwafe ta a filashina, kuma daga ranar duk na'urar da ta fita daga shagona da ladaninta take fita, ko mai ita ya nema ko bai nema ba.

Ranar da na fara zuba ta, manhajar da ke gadin kwamfuta, wato antibairos, ta yi ja ta ce akwai mugun abu a ciki. Na tuna sarai har dariya na yi. Mun saba da ihunta, kusan duk abin da muke zubawa daga faifan kasuwa sai ta yi ƙorafi, mu kuma mu danna mata ta yi shiru. Balle wannan. Na ce a raina abin da Nasara ya ƙera ina zai ji kiran salla bai firgita ba. Na sa ta a jerin abubuwan da ba a bincika, na ci gaba da aikina. Mutane suka yi ta sa mini albarka. Wata tsohuwa har ƙosai ta aiko mini, ta ce jikokinta sun daina fakewa da cewa ba su ji kira ba. Na fi shekara ina wannan rabon, ina kuma lissafa wa kaina lada.

Shekarar da nake kira mummunar shekara ba da hayaniya ta shigo ba. A lokacin da ɗan modem ɗin nan mai kama da filashi ake shiga intanet, a sa masa layin waya a saya masa data. Sai mutane suka fara zuwa da kuka iri ɗaya: datar wata guda tana ƙarewa cikin kwana huɗu, kwamfuta ta yi nauyi, fanka tana ta gudu ko ba a aikin komai. Wani ya ɗora wa 'ya'yansa, wani ya ɗora wa kamfanin layi. Ni kuma in yi abin da ku ma za ku yi, in yi fomat, in zuba komai sabo, in ɗora ladani a kai, in miƙa. Bayan sati biyu mutum ya dawo da kukansa na jiya. Ban kawo komai a raina ba sai da Hajiya Rabi ta zo.

Hajiya Rabi sakatariya ce a wani ofishin gwamnati, tun zamanin tafireta take buga takardu, saura mata shekara biyu ta yi ritaya. A wurin Alhaji Tijjani na san ta, kuma da ya ajiye aiki ta biyo ni. Mace ce mai kamun kai, irin wadda in ta shigo shago masu hira kan gyara zama. Kwamfutar ofishinsu ta daɗe da mutuwa, don haka da laftof ɗinta take aikin gwamnati, kuma adireshin imel na manya da ƙananan ma'aikatar duk suna ciki. Ran nan ta shigo ba ta ko tsaya dogon gaisuwa ba. Ta ajiye laftof, ta ce in buɗe imel ɗinta in duba saƙonnin da aka aika, ita ba za ta iya faɗa da bakinta ba. Ta juya fuskarta wajen ƙofa.

Na buɗe. Saƙonni ne rututu da sunanta, da Turanci, tallan maganin ƙarfin maza, wasu da hotunan da ba zan kwatanta muku ba, kowanne da wurin da za a danna a ƙasa. Sun je wa daraktoci, sun je wa masinjoji, sun je wa ƙanin mijinta. Ɗaya ya faɗa akwatin wani babba a hedikwata, shi kuma ya kira ofishinsu yana faɗa. An ba ta takardar tuhuma, an kafa kwamiti zai zauna ranar Alhamis, ana cewa ko dai ita ke wannan kasuwanci da kayan aiki, ko ta sayar wa 'yan damfara da adireshin ma'aikata. Ta ce ba korar ce ta fi damunta ba. Shekara talatin da uku tana aiki babu wanda ya taɓa ɗaga mata murya, yanzu in ta shiga masallacin mata na ofis sai hira ta tsaya.

"Injiniya, ni ko sunan maganin ban iya karantawa ba," in ji ta. "Ka nemo mini wanda ya yi mini wannan."

Na ce ta bar mini na'urar zuwa jibi. Ranar Litinin ce.

Washegari na jera laftof ɗinta a kan benci tare da sauran da ke jiran gyara. Guda bakwai ne, duk na kunna su don in ji sautinsu kamar yadda aka koya mini. Biyar masu kukan cin data ne, har da tata. Biyun kuwa baƙi ne da ban taɓa gani ba, ɗaya allonta ya fashe, ɗaya caji take ƙi. Ina tsaye da kofin shayi wajen sha biyu da rabi, sai guda biyar ɗin nan suka ɗauki kabbara a tare, murya ɗaya, numfashi ɗaya. Baƙin nan biyu ko tari ba su yi ba. Na daɗe ina jin wannan kira a shagona ina jin daɗi, amma ban taɓa jin sa daga bakin marasa lafiya zalla ba. Na ajiye shayin na jawo littafi. Duk mai kukan data da ya zo mini a watannin nan, in na koma baya sai in tarar ya taɓa kawo gyara, kuma a gefen sunansa da rubutun hannuna an sa "an saka ladani".

Ban yarda nan take ba, mutum ba ya saurin yarda da irin wannan a kansa. Na ɗauko wata tsohuwar kwamfutata, na goge ta tas, na zuba mata abin da za ta tashi da shi kawai, na soka modem. Fitilarsa ta yi ƙyaf-ƙyaf ta natsu. Na bar ta awa guda, shiru. Sai na zuba ladani shi kaɗai. Ba a yi minti goma ba fitilar ta kama ƙiftawa ba tsayawa, alhali hannuna biyu suna cikin aljihu. Na buɗe inda ake ganin masu shiga da fita, na ga na'urata tana magana da wasu wurare a ƙasashen da ban san kowa ba, tana karɓar umarni, tana ta fesa saƙonni. Gumi ya keto mini a ƙarƙashin fankar nan da kuke ganin ina hutawa.

Abin da masana ke kira botnet ke nan, ni kuwa garke nake ce masa, don ya fi shiga kai. Wani mutum can wata duniya ya ɗauki manhajar kiran salla ta gaskiya, wadda masu ita suka yi don Allah kuma ba ta da aibu, ya cusa mata nasa abin a ciki, ya sake ta ta shiga faya-fayan kasuwa. Duk kwamfutar da ta karɓa ta shiga garkensa. Tana gidanka, kai ke saya mata data, kai ke goge mata allo, amma in ya yi fito sai ta amsa. Yau ya ce ta aika talla, gobe ya ce ta aika wa abokanka tarkon da zai jawo su su ma. Ta kwashe kalmar sirrinka da adireshin mutanenka ta miƙa masa. Ba ya son ta mutu, ba ya son ka lura, shi ya sa ladanin bai taɓa makara ba ko sau ɗaya. Wannan makiyayi bai san Kawo ba, bai san Hajiya Rabi ba. Ni ne na yi ta kora masa dabbobi kyauta, ina jiran lada.

Maƙwabcin shagona Ɗanladi, shi ma mai gyara ne, shi na fara gaya wa. Ya rufe ƙofa ya ba ni shawarar da na san rabin layinmu za su bayar. Ya ce in yi shiru, duk wanda ya zo in goge masa ba tare da ladani ba, cuta ta warke, a ce Injiniya ya iya aiki. Ya ce sana'armu amana ce kawai muke sayarwa, ranar da aka ji daga filashina abin ya fito, ko rediyo ba mai sake kawo mini. Ba ƙarya ya yi ba, kuma na daɗe zaune ina juya maganar. Inda ta ƙi zama shi ne kan Hajiya. In na goge laftof ɗinta na miƙa mata fes, na goge shaidarta ke nan. Ranar Alhamis za ta zauna gaban kwamiti da na'ura mai tsabta da saƙonni masu datti, ba ta da wanda za ta nuna.

Laraba bayan La'asar na ɗauki babur na tafi gidanta a Kurmin Mashi. Maigidanta ya shigar da ni falo, muka gaisa, aka kawo ruwa ban iya sha ba. Na faɗa musu komai tun daga faifan kasuwa har jan gargaɗin da na danne. Maigidan ya fara ɗaga murya, ta ɗaga masa hannu kaɗan ya yi shiru. Ta dubi laftof ɗinta da na ɗora a kan cinyata. Na shirya wa zagi, da ta zage ni ma da na fi samun sauƙi.

"Za ka faɗa a gabansu kamar yadda ka faɗa mini?"

Na ce zan faɗa.

"To Allah ya kai mu goben."

Daren nan ban yi wani dogon shiri ba, littafina kawai na sake bi. A nan na ga abin da ya sa na ɗan samu barci. Watanni biyar baya wani direba ya kawo laftof daga wannan ofishin, ya ce ta maigidansa ce, batir za a canza. Sunan maigidan da na rubuta shi ne sunan daraktan da Hajiya ta ce zai shugabanci kwamitin. A gefe kuma ga rubutuna na kullum.

An sa zaman ƙarfe sha ɗaya, amma kun san zaman ofis, sai sha biyu saura Darakta ya shigo. Su huɗu ne a bayan tebur, Hajiya a kujera ita kaɗai a gefe, ni kuma a tsaye kamar wanda ya zo karɓar hukunci, wanda kusan hakan ne. Darakta ya buɗe laftof ɗinsa a gabansa don rubuta bayani. Aka karanta tuhuma, aka ce in yi magana. Na yi bayanin garke da makiyayi dalla-dalla, na ce Hajiya ba ta aika komai ba, na'urarta ce aka sace tana hannunta, kuma ni ne na buɗe wa ɓarawon ƙofa. Na ga ba su gamsu ba. Ɗaya daga cikinsu ya ce ai an saba, duk wanda aka kama sai ya ɗauko mai gyara ya zo ya yi masa Turanci. Darakta ya cire tabarau ya dube ni.

"Malam, kana nufin kiran salla ne ya aika wa mutane tallan maganin maza? Ka ji tsoron Allah mana."

Na ce, ranka ya daɗe, ba kiran ba ne, abin da aka ɓoye a bayansa ne, kuma ina roƙon a ba ni minti kaɗan. Na dubi agogon bango. Aka ci gaba da yi wa Hajiya tambayoyi, tana amsawa a hankali, ni kuwa idona na kan agogo. Sha biyu da rabi ta ɗan gota, sai laftof ɗin Hajiya da ke kunne a kan tebur ta ɗauki kabbara. Kafin a ce a kashe ta, ta Darakta ta amsa daga gabansa, murya ɗaya, numfashi ɗaya. Ba mai iya katse kiran salla, don haka muka zauna muna amsawa har ya ƙare, kowa na kallon teburi.

Da aka gama addu'a na roƙe shi ya buɗe nasa saƙonnin da aka aika. Ya buɗe yana taɓe baki, sai na ga bakin ya koma daidai. Ya yi ta gangarawa ƙasa. Can ya ɗago ya dubi sakataren kwamitin, wani magidanci mai sanyin hali, ya tambaye shi ko shi ma ya taɓa samun irin wannan daga wurinsa. Mutumin ya sunkuyar da kai yana gyara takardun da ba su karkace ba.

"Ranka ya daɗe, wata uku ke nan muna samu."

"Kuma ba wanda ya gaya mini?"

Ashe duk ofishin nan sun sha ganin tallan daga akwatin Darakta, kowa ya goge ya yi shiru, wasu ma sun ɗauka wata 'yar sana'a ce ya buɗe a gefe. Na Hajiya ne kawai aka iya ɗauka a kai gaba, saboda ita ana iya tuhumarta. Daraktan nan, in faɗi gaskiya, dattijo ne. Ya rufe laftof ɗinsa, ya miƙe tsaye, ya ba Hajiya haƙuri a gaban kowa, ya ce a janye takardar a ranar, a kuma rubuta wa hedikwata. Sannan ya juyo kaina ya ce in tsabtace duk na'urorin ofishin, in na gama kada ya sake ganin ƙafata a harabar. Na ce na gode, kuma har zuciyata na faɗa.

Abin da ya biyo baya shi ne aikin da ya fi kowane tsawo a rayuwata. Na ɗauki littafin Alhaji Tijjani, wato dokarsa da na riƙe, na bi sunaye ɗaya bayan ɗaya don in gyara ɓarnar dokarsa da na karya. Kawo, Kurmin Mashi, Unguwar Dosa, Rigasa, har Katabu. Kowane gida sai in yi sallama, in faɗi abin da na yi da bakina, in kwashe wa mutum takardunsa, in goge, in zuba mai tsabta, in zaunar da shi ya canza kalmar sirri, in ce ya gaya wa duk wanda ya kwafa a wurinsa. Fomat shi ne mafi sauƙi a ciki. Mai wuyar shi ne tsayuwa a zauren mutum kana gaya masa cewa datar da ya yi ta dukan 'ya'yansa a kanta kai ne sanadi.

Wanda ya fi ba ni aiki wani malamin Islamiyya ne a Katabu, Malam Hadi. Ya saurare ni tsaf, ya ce ya gane, amma shi ba za a cire kiran salla daga gidansa da izininsa ba. Na kwatanta masa da garke, ya ce ya ji. Na nuna masa fitilar modem tana ƙiftawa, ya ce wataƙila tasbihi take yi, yana murmushi don ya san tsokanata yake. Sai da na buɗe masa abin da akwatinsa ya aika wa iyayen ɗalibansa. Ya yi salati ya ture laftof ɗin da bayan hannu, ya ce in cire har da wanda ya kawo shi. Da zan tafi ya ba ni ƙwai shida a leda, ya ce ladan niyya dai na samu, sauran kuma in nemi gafara.

Ɗanladi bai yi ƙarya ba. Shekarar nan shagona ya yi sanyi, labari ya zaga layi, har aka sa mini suna Ladan. Akwai ranakun da zan buɗe in rufe ban taɓa na'urar kowa ba, sai da na koma gyaran caja da canza allon waya kafin abinci ya daidaita. Waɗansu kwastomomin ba su dawo ba har yau, kuma ban ga laifinsu ba. Amma a hankali wasu suka fara zuwa, irin waɗanda ban zata ba, suna cewa an ce musu akwai mai gyaran da in ya yi ɓarna yakan biyo mutum har gida ya faɗa. Da su na sake gina shagon, da su na aurar da 'ya'ya biyu, kuma alhamdu lillahi ban taɓa sha'awar wata sana'ar ba. Makiyayin nan kuwa ban san shi ba har gobe. Na san dai yana nan, ko shi ko ƙannensa, yanzu ma sun fi yawa a cikin wayoyinku, a cikin manhajojin kyauta da kuke tura wa juna kuna cewa a yaɗa don a samu lada. In kuka ga mai gadi ya yi ja, ku tsaya ku ji abin da yake faɗa, ko da abin da ya tare ɗin da rawani ya zo.

Hajiya Rabi ba ta sake zuwa ba sai bayan ta yi ritaya, da takardar yabo a hannunta, kamar yadda na ji. Na riga na cire rai. Wata safiya ina cikin hura wata kwamfuta sai na ji masu hira a bakin shago sun yi tsit suna gyara zama. Ta shigo da laftof ɗin nan dai, ta tsufa, an ɗaure murfinta da salatif. Muka gaisa sosai, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ba ta ta da tsohon zance ba, ni ma ban tayar ba. Ta ce maɓalli biyu ne suka daina aiki, kuma jikarta ce za ta tafi da ita makaranta. Na jawo littafi na rubuta sunanta. A duk Kaduna ba na'urar da na fi son a sake ba ni amanarta kamar wannan. Ta miƙe za ta fita, ta kai bakin ƙofa sai ta juyo.

"Injiniya, maɓalli biyu na ce."

"Biyu, Hajiya."

"Ban da kyauta."

Na gyara mata biyun, na goge allon da tsumma, ban ƙara ko ɗigo ba. Da ta zo karɓa Azahar ta yi, ladanin masallacin bayan shagona ya ɗauki kira da 'yar shaƙaƙƙiyar muryarsa, na'urori takwas a kan bencina duk suka yi shiru suna saurare.